Alifin Bature

A gidanmu da ke cikin garin Keffi akwai wata kalma da ba a son yaro ya riƙa yawan ambatonta, ita ce "ni". Kakata, wadda muke kira Inna, ita ce mai tsaron wannan doka. Idan ka yi sallama da dare ta ce, "Wane ne?" kai kuma ka amsa da "Ni ne", sai ta ce, "Kai wa? Ba a yanka maka rago ba ne?" Idan ka dawo daga rafi kana cewa ni na cika randa, sai ta tambaye ka ko kai ka haƙa rafin. Mahaifina kuwa, da yake almajiri ne, ta fuskar ilimi yake ɓullo wa zancen. Yakan tuna mana cewa Sahabi Jabir ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da aka tambayi ko wane ne sai ya amsa da wannan kalma ita kaɗai, Manzo kuma ya nuna bai so amsar ba. Yakan ƙara da cewa da ita Iblis ya buɗe baki ranar da ya ƙi bin umarni. Saboda haka muka tashi muna cewa "mun gode" ko da mutum shi kaɗai aka yi wa kyauta, muna cewa "mun iso" ko da babu kowa a bayanmu. Yabon kai jahilci, in ji masu iya magana.

Da wannan tarbiyya aka kai ni makarantar boko a farkon shekarun 1980, lokacin Keffi tana cikin Jihar Filato, domin ba a ƙirƙiro Jihar Nasarawa ba sai a 1996. A aji uku malamin Turanci ya koya mana cewa babban baƙi wuri biyu yake zama, farkon jimla da farkon sunan yanka. Na riƙe wannan ƙa'ida gam. Ranar da aka yi mana shifta, sai na rubuta kalmar da Bature ke nufin kansa da ita, wato "I", da ƙaramin harafi a duk inda ta faɗo a tsakiyar jimla. Sau uku ta faɗo, bulala uku na sha. Da hawaye suka tsaya na yi ƙarfin hali na tambayi dalili, tunda kalmar ba sunan mutum ba ce, ba kuma sunan gari ba. Malam ya ce haka Turawa suka ga dama, in kuma ina da ja, in je Ingila in tambaye su.

Da yamma na kai wa Inna ƙara, na zana mata harafin a ƙasa da tsinke. Ta duba, ta ce, "Wannan ai alif ne." Na bayyana mata cewa da shi Bature yake cewa "ni", kuma duk sauran wakilan suna, da na "kai" da na "shi" da na "mu", da ƙananan haruffa ake rubuta su. Ta riƙe haɓa ta ce, "Wato shi kaɗai ne a tsaye, kowa yana zaune. Allah ya raba mu da girman kai." Wannan fatawa ta zauna mini daram, domin ta dace da abin da muka tashi muna ji. Duk ɗan Keffi ya san dutsen nan da ake kira da sunan Kyaftin Moloney, jami'in Turawan da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe a ƙofar fada a watan Oktoba na 1902, kafin ya yi hijira zuwa Kano wurin Sarki Alu, abin da Lugga ya sa cikin hujjojinsa na auka wa Kano a watan Fabrairu na 1903. A tunaninmu na yara, Bature mutum ne da ke zuwa garin wasu ya ba da umarni, don haka ba abin mamaki ba ne a ce ko a takarda ma ya fi kowa tsawo.

A cikin shekarar nan ce wani abu ya faru a zauren gidanmu wanda sai da na girma na ga alaƙarsa da wannan zance. Mahaifina yana kwafar littattafai da hannu, ana biyansa. Wani attajiri ya ba shi aikin wani littafin fiƙihu, ya shafe wata uku a kansa, saura kaɗan ya kammala. Wata rana da ya tafi jana'iza na shiga zauren don in ɗauki alƙalaminsa in gwada, ƙafata ta ture kurtun tawada, ta malale a kan warƙoƙin da ya shanya bisa buzu. Na fita da sanɗa. Da ya dawo ya tara mu, ya dube ni da yake ni ne babba, ya ce, "Me ya faru a nan?" Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, an zubar da tawada." Ban yi ƙarya ba a lafazi, domin lalle an zubar. Sai ya ce, "Wa ya shiga zauren?" Na yi shiru. To, akwai ɗan ƙanen mahaifina, maraya, da aka kawo riƙo gidanmu daga ƙauye, kuma shi ne mai sharar zaure kullum. A kansa zargi ya sauka. Ya sha duka, bai ce uffan ba, kuma tun daga ranar aka laƙaba masa sakarci, duk abin da ya fashe a gidan shi ne. Bai ƙara shekara biyu ba ya roƙi a bar shi ya tafi koyon gyaran babur. Ni kuwa na ci gaba da boko.

Sai da na shiga jami'a, a darasin tarihin harshen Ingilishi, na sami amsar tambayar da na sha bulala a kanta. Ashe kalmar ba da harafi ɗaya ta fara ba. Ƙabilun da suka ƙetara teku daga yankunan da a yau suke arewacin Jamus da Denmak suka zauna a tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5, waɗanda ake kira Angul da Sakson, "ic" suke cewa. Abin sha'awa, Bahaushe zai karanta wannan rubutu daidai yadda mutanen kudancin ƙasar ke furta shi, domin harafin ƙarshe irin na "ciki" da "cokali" ne. Mutanen arewaci kuma "ik" suke cewa. Kalmar tana da 'yan'uwa har gobe, Jamusawa suna cewa "ich", mutanen Holan suna cewa "ik". Tushen ya ma wuce nan. A 1786 wani alƙalin Ingila da ke aiki a Kalkata ta ƙasar Indiya, William Jones, ya yi jawabi yana nuna cewa Sanskirit da Girkanci da Latin sun yi kamar da ba za ta zama dace ba, dole uwa ɗaya ta haife su. A 1822 Jacob Grimm, Bajamushe, ya tsara ƙa'idar yadda sautuka suka sauya a reshen da Ingilishi ya fito, ciki har da komawar "g" zuwa "k". Da wannan ƙa'ida ake gane cewa "ego" na Latin da Girkanci da "ik" na kakannin Ingilishi kalma ɗaya ce, haka ma "aham" na Sanskirit. Masana sun ƙiyasta cewa an yi magana da uwar waɗannan harsuna shekaru 5,000 zuwa 6,000 da suka wuce.

To, yaya aka yi "ic" ta koma harafi ɗaya? Yawan amfani ne ya cinye ta, kamar yadda turmi ke cinye bakin taɓarya. Kalma ce da ake furtawa da sauri, ba a danna ta, musamman idan baƙi ya biyo bayanta, don haka sautin ƙarshe ya riƙa zubewa. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 12 aka fara ganin "i" tsura a rubuce-rubucen arewacin Ingila, daga nan ta gangaro kudu sannu a hankali. Mawaƙin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da sabuwar sigar da tsohuwar duka biyu. Tsohuwar ta laɓe a bakin manoman kudu maso yamma, har Shakespeare ya sa ta a bakin wani ɗan wasa da ya ɓad da kama ya zama baƙauye a cikin wasan King Lear, kuma an ci gaba da jin ɓurɓushinta a yankin Somerset har cikin ƙarni na 19.

Nan ne marubuta suka shiga matsala, kuma da yake ni ɗan mai kwafar littattafai ne, na gane matsalar tun kafin malami ya gama bayani. A rubutun hannu na wancan zamani, haruffan i da n da m da u duk da gajerun sanduna masu kama da juna ake yin su, kamar haƙoran sin a rubutunmu na allo. Sanda ɗaya tilo a tsakanin kalmomi tana iya mannewa da maƙwabciyarta, ko mai karatu ya ɗauka ɗigon tawada ne, ko ta ɓace gaba ɗaya. Wannan ruɗani ne ma ya sa aka ƙirƙiro ɗigon da ke kan ƙaramin i. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, daga wajen ƙarni na 13 masu kwafa suka riƙa ja wa wannan sanda tsawo domin a gan ta a san kalma ce mai zaman kanta. Da William Caxton ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, aikin ɗab'i ya taimaka wajen tabbatar da al'adar. Furucin ma ya sauya. A da "ii" ake cewa da dogon wasali, sai gagarumin sauyin wasula da ya auku a Ingilishi tsakanin wajen 1400 da 1700 ya mayar da ita "ai", kamar yadda ya mayar da "miin" ta koma "main".

Na fita daga ajin nan ina dariya ni kaɗai. Ashe alifin da Inna ta yanke wa hukuncin girman kai, rama ce ta kama shi har aka ji tsoron kada ya ɓace, aka tokare shi. Ƙarin hujja kuma, Jamusawa da ƙaramin harafi suke rubuta "ich", sai su girmama "Sie" wadda suke kiran wanda suke ganin girmansa da ita, Faransawa ma da ƙarami suke rubuta "je", amma ba wanda ya ce mulkin mallakarsu ya fi na Ingila tawali'u. Mutanen Damagaram da Maraɗi shaida ne.

Sauran 'yan gidan ma kowa da labarinsa. Kalmar "me" ba daga "ic" ta fito ba, tushenta daban, kuma wannan rabuwa tsohuwa ce ƙwarai, domin Latin yana da "ego" da "me", Faransanci yana da "je" da "moi". Wato tun fil azal mai magana yana da suna biyu a waɗannan harsuna, ɗaya idan shi ya aikata, ɗaya idan a kansa aikin ya faɗa. A tsohon Ingilishi ma biyu ce, "mec" da "me", daga baya ta biyun ta haɗiye ta farkon. Kalmomin mallaka, "my" da "mine", daga "min" suka fito. Da farko bambancinsu na furuci ne kawai, ana zubar da "n" idan baƙi ya biyo baya, a bar ta idan wasali ne, sai daga baya kowace ta kama aikinta. Har rigimar da malamanmu ke yi da mu, cewa a ce "It is I" kada a ce "It is me", tana da asali. Masu nahawun ƙarni na 18 irin su Robert Lowth, wanda littafinsa ya fito a 1762, su suka dage a kan ta farkon, jama'a kuwa suka ci gaba da faɗin ta biyun. A tashar motar Keffi an daɗe da raba gardama, "na me" ake cewa da Turancin buroka.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wata kalma da ta mutu. Ban da "we" da "us" na jam'i, tsohon Ingilishi yana da "wit", ma'ana mu biyu, ni da kai ko ni da shi, da kuma "unc" idan a kan mu biyun aikin ya faɗa. Wajen ƙarni na 13 ta ɓace. Larabci da ya shahara da musanna ma ba shi da irinta ga mai magana, "nahnu" ce ta biyu da ta dubu. A daidai zamanin da Ingilishi ke rasa "mu" ta mutum biyu, fadar Ingila ta ɗauki "mu" ta mutum ɗaya, domin daga zamanin Sarki Richard na Ɗaya, a ƙarshen ƙarni na 12, takardun sarauta suka riƙa fita da jam'i a madadin sarki shi kaɗai. Har a 1989 jaridun Birtaniya sun yi wa Firayim Minista Margaret Thatcher ba'a da ta sanar da samun jika da lafazin jam'i, suna cewa ta ɗauki kanta sarauniya.

Wannan ya sa na waiwayo gida na dubi namu wakilan sunan da sabon ido. Ita ma "ni" ɗinmu tsohuwa ce. Hausa tana cikin reshen Cadi na babban gidan harsunan Afirka da Asiya, kamar yadda Joseph Greenberg ya tsara a littafinsa na 1963, gida ɗaya da Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye. Duk almajirin da ya lura da "ni" da Balarabe ke liƙa wa aikatau idan a kansa aikin ya faɗa, da "ka" da "ki" na namiji da mace, ya ga alamar wannan zumunta da idonsa. "Mu" kuwa fuska biyu gare ta. Akwai ta kunya, wadda Inna ta koya mana, akwai kuma ta sarauta, wadda ake ji a fada idan an ce "mun ji, mun yarda". Lafazi ɗaya ne, zuciyar mai furtawa ce ke rarrabewa. Fulani, waɗanda Abdu Zanga da ya kafa Keffi wajen 1800 ya fito daga cikinsu, sun fi mu tsantseni a nan, domin a Fulatanci "en" ta haɗa da wanda ake yi wa magana, "min" kuma ta fitar da shi. Da Hausa tana da wannan bambanci, da mun riƙa gane ko muna ciki idan ɗan siyasa ya hau mumbari ya ce "mun ci gaba".

Daga nan sai na iso ga wanda nake gudu, wato "an" da 'yan'uwanta "aka" da "a" da "ana". Paul Newman, a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, ya lissafa ta a matsayin mutum na huɗu, bayan mai magana da wanda ake yi wa magana da wanda ake magana a kansa. Kalma ce mai daraja. Da ita matar kirki ke cewa mijinta "An dawo?", da ita uwa ke zancen ɗan farinta ba tare da ta kama sunansa ba, da ita ake yi wa babba gyara ba a kunyata shi ba. Amma da ita ɗin dai ake cewa "an ci kuɗin", "an ɓatar da fayil", "an yi kuskure", a tashi taro ba a san mai laifi ba. Kuma da ita na ce "an zubar da tawada". Na shekara da shekaru ina taƙama da cewa mu Hausawa ba mu da girman kan Bature mai miƙar da kansa a takarda, alhali ranar da ake bukatar in miƙe, na shige bayan ladabin harshe na bar maraya a fili. Inna ta hana mu "ni" ta alfahari. Ba ta taɓa hana mu "ni" ta amsa laifi ba, ni ne na haɗa su don biyan bukatata.

Bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, muna tattara littattafansa sai na ci karo da warƙoƙin nan a cikin wata tsohuwar gafaka. Tawadar ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, amma tabon yana nan, har da shatar yatsun ƙafa a gefen warƙa ɗaya. Na kwana ban runtsa ba. Washegari na nufi bakin hanyar Akwanga inda ɗan'uwan nan nawa yake da rumfar gyaran babura, da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Ya taso da fara'a yana goge hannu da tsumma, ya sa aka kawo mini benci. Bayan mun gaisa mun sake yi wa juna ta'aziyya, na fito da warƙar na ce, "Ka tuna wannan?" Ya ce, "Yaya, ai ba a mantawa." Na ji bakina yana shirin cewa an zalunce ka, sai na kama kaina. Na ce, "Ni ne na zubar. Ni na ture kurtun, kuma ina tsaye aka doke ka. Ka yafe mini."

Ya yi shiru yana juya sifana a hannunsa, sannan ya ce, "Na sani, Yaya. Ina bakin rijiya na ga fitowarka." Na ce, "To, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Ɗan riƙo ba ya nuna ɗan gida da yatsa. Na dai yi ta jira ko za ka faɗa da kanka." Na lissafa a zuci, jiran ya haura shekara talatin. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya kuma hana ni ƙara tayar da zancen, ya aika yaro ya sayo mana rake. Muna zaune muna sha na tuna da "wit", na ba shi labarin cewa Turawa sun taɓa mallakar kalma ta musamman don mutum biyu kaɗai, suka yar. Ya yi dariya ya ce, "Su suka sani. Mu ai sai mu ce ni da kai."

Yanzu ni ma koyarwa nake yi, kuma kusan kowace shekara sai an sami yaron da zai rubuta ƙaramin "i" a tsakiyar jimla. Ba na dukansa. Nakan rubuta "ic" a allo in sa shi ya karanta da Hausa, in ba shi labarin yadda kalmar ta rame har masu kwafa suka ƙara mata tsawo. Idan kuma na shigo aji na tarar an fasa gilashin taga, aka ce mini "Malam, an fasa", nakan ajiye alli in ce ba za mu fara darasi ba sai mutum na huɗu ya koma mutum na ɗaya, kuma na yi alkawarin babu bulala ga wanda ya miƙe. Wani lokaci akan ɗauki minti goma ana kallon-kallo kafin wani ya tashi. Warƙar mahaifina kuwa tana cikin aljihun teburina, ɗan'uwana ya ce in riƙe, shi ba ya bukatarta.